Shekarar da Gofal Ya Mutu a Hannuna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke zuciyar mai rai da abin da mamaci ya tafi da shi.

Ku 'ya'yana, na san kun ji. Ba wanda ya taɓa tarar gabana da maganar a cikinku, amma ai ni ba yaro ba ne. Ranar da Hadiza ta dawo daga biki a Furfuri ido jajir, ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo, na san wata tsohuwa ce ta nuna ta da baki ta ce ga ɗiyar wanda ya ƙone mutum. Kai kuma Aminu, damben da ka yi a makaranta har aka kira ni, ka ce mini a kan ƙwallo ne, na ƙyale ka ne kawai don kada in ƙure ka. To yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa. Gara ku ji daga bakina, in ya so kowa ya yi hukuncinsa bayan na kwanta dama.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba na bar aikin gwamnati na koma wani kamfanin gina hanya da ya kafa sansani tsakanin Bunguɗu da Gusau, yana kuma fasa dutse a wajen Tsafe. Manajan ɗan Labanan ne, ƙarƙashinsa akwai Turawa 'yan kaɗan, da mutanen Filifin, da Indiyawa masu gyaran manyan injuna, sai mu 'yan ƙasa masu tuƙi da lebaranci. Asibitin da aka ba ni kwantena ce aka huda mata taga, da gado biyu da kabad ɗin magani. Likita yana Gusau, yana leƙo mu in an sami man da za a ɗauko shi, kuma wanda ya rayu a shekarun nan ya san yadda mai ya zama. Saboda haka ni ne nas, ni ne mai ba da magani, ni ne mai shara in ta kama. Mutanen ƙauye kuwa ba ruwansu, Likita Bello suke ce mini.

A makarantar jinya an koya mana cuta, amma ba wanda ya koya mana baƙo. Wannan sai da na koya da kaina, kuma na sha wuya kafin in iya. Mutuminmu in ciwo ya kama shi zai zo da ƙanensa da kawunsa, kowa na ba ka labari har ka rasa na ɗauka. Baƙo shi kaɗai yake zuwa, in ma ya zo. Dokar kamfanin ita ce wanda ciwo ya kwantar da shi ya daɗe, a sa shi jirgi ya koma ƙasarsu a kawo wani, don haka duk ɓoye ciwo suke yi. Ɗan Filifin zai yi maka murmushi ya ce lafiya lau alhali jikinsa kamar garwashi. Bature zai shanye ƙwayoyin da ya zo da su a jaka, sai abu ya ɓaci ya zo yana yi maka tsawa. Da na gane haka sai na daina zaman jira a kwantena. Nakan je ɗakin cin abinci in tsaya kamar mai neman shayi, ina duba farantin da aka mayar ba a taɓa ba. Nakan lura da wanda ya sa rigar sanyi da rana tsaka, da wanda ya daina wasa, da wanda ya bar aske gemu. Na koyi wanda ba ya cin naman shanu da wanda ba ya cin nama sam, na koyi cewa wani kewar gida ce ke hana shi barci ba ciwo ba, sai ka zauna ka kalli hoton 'ya'yansa ka yaba kafin ya yarda ka sa masa ma'aunin zafi.

Gofal yana cikin Indiyawan. Haka bakinmu ya iya sunansa, shi ma ya haƙura yana amsawa. Gajere ne baƙi, ya ba hamsin baya, hannunsa kullum cikin baƙin mai. Amininsa duk sansanin shi ne Halilu direban tifa, ɗan kawuna, wato taubashina, mutumin da tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba sai ya haɗa da tsiya. Halilu ne ya fara kai shi Furfuri ranar wata Lahadi don injin niƙan unguwarmu ya mutu, mata na daka da hannu. Gofal ya kwance injin nan ya ɗaura, ya tashi, aka miƙa masa lada ya ƙi karɓa. Daga nan ya zama ɗan gari. Ya gyara famfon masallaci, ya gyara babur ɗin duk wanda ya turo. Mahaifina, kakanku Malam, wanda ke jan salla a unguwar, shi da kansa yake shimfiɗa masa tabarma a zaure. Inna ta gane ba ya cin nama, sai ta riƙa dama masa fura da nono mai kyau, ya shanye ya lashe ludayi. In garken Fulani ya gitta sai ya tsaya ya shafa goshin saniya yana yi mata magana da yarensu, Halilu na dariya har da riƙe ciki.

"Wanga mutum ya hi Bahillace son nagge! Gofal, mu nema maka mata a ruga ka huta."

Shi kuma ya ce da guntuwar Hausarsa, "Mata akwai gida. Ɗaya ya isa, Halilu, kai ne babu hankali."

Ƙarshen damina ne abin ya faru, gero ya fara nuna. An tura Gofal wurin fasa dutse a Tsafe saboda injin ya lalace, ya yi kwanaki a can inda idona ba ya kai. Ashe zazzaɓi ya kama shi tun kafin ya tafi, ya ɓoye, yana shan ƙwayar ciwon kai yana shiga ƙarƙashin inji. Ranar da Halilu ya je ɗaukar tsakuwa ya tarar da shi kwance a inuwar katafila yana rawar ɗari, ya ɗauko shi a gaban tifa ya kawo mini. Da na ga idonsa ya yi ɗorawa, na ba shi kwalba ya yi fitsari, abin da ya fito kamar baƙin shayi, sai na gane abin da ke damunsa. Na san wannan nau'in zazzaɓin cizon sauro, na kuma san inda yake kai mutum.

Na yi masa faɗa, wallahi na yi, don haushi ya kama ni. Na ce kai da nake bi da magani kamar ɗan goye, me ya sa ka yi mini haka? Ya ce ɗiyarsa za a aurar bayan shekara, in aka mayar da shi gida yanzu da wane ido zai dube ta.

Na ɗaura masa ruwa da kwinin, na aika aka ɗauko likita daga Gusau. Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, aka gwada na mutane, na Halilu ya dace, ya miƙa hannu ba tare da an roƙe shi ba, yana cewa yanzu Gofal ya zama Bazamfare ko ya so ko ya ƙi. Mahaifiyarku Rabi ta riƙa aiko da kunun gyaɗa da faten wake ba nama, ina ba shi da cokali. Ya ɗan farfaɗo har muka sa rai. Sai fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura. Likita ya dawo ya duba, ya ja ni waje ya ce ƙoda ta tsaya, inda ake da injin wankin ƙoda kuma ya yi nisa, in aka ɗora shi a mota a hanya zai cika. Ya ce in sauƙaƙa masa abin da ya rage.

Wata safiya hankalinsa ya dawo tas, kamar yadda yakan dawo wa masu shirin tafiya. Ina gyara masa matashi ya kama wuyan hannuna, ya yi mini magana da Turanci a hankali don kada wani abu ya kuɓuce mini.

"Bello, zan mutu?"

Na ce masa rai na hannun Allah, ya daina wannan magana.

"Kai nas ne. Kada ka yi mini ƙarya."

Na kawar da kaina, shi kuma ya gane. Sai ya ce a addininsu ba a binne babba, ƙonewa ake yi, a kai tokar ga ɗansa ya zuba a kogi. In aka sa shi a rami, a wurin iyalinsa bai tafi ba kuma bai zauna ba, matarsa za ta ƙare rayuwarta da wannan baƙin ciki. Ya ce 'yan'uwansa Indiyawa tsoron manaja suke ji, ba za su iya buɗe baki ba. Tsigar jikina ta tashi, don ni ɗan Malam ne, ban taɓa jin an ambaci wuta da gawa a wuri guda ba sai a wa'azin azaba. Na ce masa ni Musulmi ne, hannuna ba zai kunna wa mutum wuta ba. Ya ce bai nemi haka ba.

"Ka faɗa kawai. In sun tambaya, ka faɗi abin da na ce."

Na ce na ɗauka, zan faɗa.

Da azahar ɗin ranar ya fita hayyacinsa, bai sake magana ba, bai sake gane kowa ba. Washegari bayan la'asar numfashi ya fara sarƙewa. Halilu ya ajiye tifa ya shigo, ya durƙusa a gefen gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ina ganinsa ya kama hannun Gofal na dama, ya miƙar masa da manuniya da nasa yatsun, ya sa baki a kunnensa yana maimaita kalmar shahada. Ban hana shi ba, don ban ga abin hanawa ga mai kuka ba. A haka rai ya yi halinsa. Na rufe masa ido, na juya in ɗauko zanen rufa, sai na ji muryar Halilu a waje yana shela.

"Ya yi shahada! Wallahi ya ɗaga yatsa! Gofal ya cika da imani!"

Lebarori suka ɗauki kabbara. Kafin in gama kintsa gawar wani ya hau babur ya kai labari Furfuri. Manaja ya leƙo, da ya ji an ce za a yi jana'iza sai fuskarsa ta saki, don ɗakin ajiye gawa a lokacin ba wutar lantarki, gawa kuma ba ta jira a wannan zafi. Ya ce madalla, a yi yadda mutanen gari suke so. Indiyawan nan suna tsaye jikin waya sun haɗa hannu a ƙirji. Ɗayansu, wani dattijo mai farin gashi, ya dube ni sau ɗaya ya sunkuyar da kai.

Rana ba ta faɗi ba sai ga Baba a bayan a-kori-kura da dattawan unguwa, da makara, da likkafani. An riga an fara haƙa kabari. Ban taɓa ganin farin ciki a fuskar mahaifina kamar na ranar ba. Ya sauko yana hamdala, yana cewa Allah ya dubi zuciyar bawansa mai kirki ya ba shi kyakkyawan ƙarshe. Da yake shi mai ilmi ne, ba ya salla a kan ji-ta-ji-ta, sai ya tsaya a ƙofar kwantena gaban kowa ya tambaye ni.

"Bello, kai ad da shi har ƙarshe. Ka ji shahadarshi da kunnenka?"

Na duba Halilu. Idonsa ya kumbura, yana kallona yana gyaɗa kai kamar mai roƙo. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Baba, ban ji ba. Tun jiya bai san inda yake ba. Halilu ne ya ɗaga masa yatsa, Halilu ne ya faɗa. Shi abin da ya ce da hankalinsa, a miƙa shi ga mutanensa su yi masa irin tasu al'ada."

"Wace al'ada?"

"Ƙonewa, Baba."

Wurin ya ɗauki salati. Wani ya tofar da yawu. Halilu ya yi kaina sai da aka riƙe shi, yana cewa jininsa ne a jikin mutumin nan, jinin Musulmi, shi za a kai wa wuta? Yana cewa, "Kai wane irin mutum ne? Mi zai rage ka in ka yi kurum?" Baba ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya kama hannuna ya ja ni bayan janareto inda ba mai jin mu. Muryarsa a ƙasa take, ba faɗa a ciki, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Na ji, bai yi shahada ba, ba mu yi mishi salla. Ban ce ka yi ƙarya ba, Allah shi tsare. Amma wanga bawan Allah ya ci abinci zaurena. A ba ni shi in kai gonata ta bakin rafi, in sa shi ƙasa kamar ɗan Adam, in kewaye wurin da ƙaya. Kai dai ka ce wa mai kamfani magagin ciwo ne ya sa shi waccan magana."

Na ce ba magagi ba ne, da hankalinsa ya faɗa, kuma na ɗaukar masa alkawari.

"Alkawarin wuta? Bello, ko kare ya mutu gidana ba ni ƙone shi."

Na ce, "Baba, amana ce. Ba shi da kowa a ƙasar nan da zai faɗa a madadinsa sai ni."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya saki hannuna, ya goge tafinsa a jikin riga, ya koma ya ce wa dattawa a mayar da makara. Suka hau mota suka tafi da likkafaninsu, aka aika a cike ramin da aka fara.

Ku fahimce ni da kyau, don a nan ne masu ba da labari suke karkacewa. Mahaifina ba mugu ba ne, Halilu ma haka. Ƙauna ce ta kawo su da makara. A ganinsu mutumin da suke so ne zai faɗa wuta suna kallo, suka miƙa hannu su fizge shi, ni kuma na tare. Ni ma ban ga kyan ƙonewa ba, har gobe ban gani ba. Amma shekarun da na yi a kan gadon marasa lafiya sun koya mini cewa wanda ke kwance ba shi da sauran iko a kan komai, an tuɓe shi, an juya shi, an sa masa roba, abin da ya rage masa kawai shi ne maganarsa. In mai jinya ya murɗe ta don ta yi wa masu rai daɗi, to ya cuce shi cutar da ba zai taɓa tashi ya rama ba.

Da safe manaja ya samo izinin hukuma, ransa a ɓace, aka ba mu ɗan sanda guda. Aka zaɓi wani tsohon rami da kamfanin ya ɗebi jar ƙasa a cikin daji ta hanyar Tsafe, nesa da gari. Masu itace da suka ji abin da za a yi suka ƙi sayarwa, sai Indiyawan suka farfasa akwatunan katako da ake kawo kayan inji a ciki. Suka sayi man shanu a wurin matan Fulani, waɗanda ba su san na mene ne ba. Sai aka zo kan mota. Direbobi kaf suka noƙe, kowa ya ce ba da shi ba, Indiyawan kuma ba mai lasisi a cikinsu. Gawa ta fara canzawa. Na karɓi makullin motar asibiti na tuƙa da kaina, kuma wannan tuƙin ne mutane suka gani daga gonaki.

A bakin ramin dattijon nan mai farin gashi ya roƙe ni in cire allurar ruwa da robar fitsari, don ba a son mutum ya tafi da abin da ba nasa ba. Na cire, na goge wurin da auduga kamar yadda zan yi wa mai rai. Suka yi masa wanka, suka naɗe shi da farin ƙyalle, suka ɗora a kan katako. Dattijon ya kewaya yana karatu da yarensu, sannan ya kunna. Ni na koma jikin mota na juya baya. Katakon ya sha ruwan damina, wutar ta ƙi ci, sai da suka ƙara da man dizal. Hayaƙi baƙi ya miƙe sama, ɗan sandan ya toshe hanci ya yi nisa yana salati. Ba zan kwatanta muku warin ba. Mun kai la'asar a wurin, na yi sallolina a gefen hanya, ban san me zan roƙa ba sai na ce Allah kai ka halicce shi, kai ka san shi. Suka tattara abin da ya rage a gwangwanin madara, daga baya wani mai tafiya hutu ya kai wa ɗansa.

Da na koma gida mahaifiyarku ta tarye ni. Ta kai mini ruwa bayi, ta kwashe kayan aikina ta wanke da toka da sabulu, ta sake wankewa, warin bai fita ba, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne su. Sannan ta kawo tuwo ta zauna kusa da ni har na ci. Allah ya jiƙan Rabi, ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata dalili ba.

Kafin sati ya zagayo labari ya zama ni na kunna ashana. Matan da ke kawo mini yara allura suka ɗauke ƙafa. In na shiga sahu sai na ga na kusa da ni ya ɗan matsa. Inna tana kuka tana cewa an yi mini asiri ne a wurin Turawa. Halilu kuwa, ranar da muka fara haɗuwa a kasuwar Bunguɗu na nufe shi da niyyar ya zage ni in ji sanyi, sai ya rusuna ya ce, "Barka da rana, Malam Bello, ya iyali?" Taubashina, mai kirana ɓarawon kaza tun muna tsirara! Wannan gaisuwar ta fi mari ciwo. Baba bai kore ni ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. In na gaishe shi zai amsa. Amma da, in na je Furfuri akushi ɗaya muke ci, daga ranar sai aka riƙa kawo mini nawa daban. Da abin ya ishe ni na kwashe ku muka koma Gusau, shi ya sa kuka tashi a gidan haya alhali kuna da gidan kaka.

Damina ta sake zagayowa, aka yi girbi, sai hawan jini ya buge Baba, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Na ɗauki hutu na koma Furfuri na tare a ɗakinsa. Ni nake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ni nake kai shi bayi, ni nake goge shi in shafa masa mai, in ba shi kunu da cokali. Bai taɓa janye jikinsa ba. Wata rana ma ina gyara masa filo ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina ya ce Allah shi yi mini albarka. Na fita bayan gida na yi kuka, na ce alhamdu lillahi, abin ya wuce.

Ya cika da hantsi ranar wata Talata, kansa a cinyata. Aka shiga hidima, aka ɗora ruwa, aka kawo ganyen magarya. Ni ne babban ɗa, kuma duk gidan ba wanda ya kai ni sanin jikin mutum. Na naɗe hannun riga na nufi ɗakin da aka shimfiɗe shi, sai na tarar da ƙanena, baffanku Sule, tsaye a bakin ƙofa, Halilu a bayansa. Sule ya kasa haɗa ido da ni.

"Yaya, akwai magana. Baba ya bar wasiyya. Ya ce ka yi mishi salla, ka ɗauki makara, ka shiga kabari in kana so. Amma wanka, ya ce hannun da ya kai mutum ga wuta kada shi wanke shi."

Na ja da baya. Na dafa bango. Sai Halilu ya matso, ya kama kafaɗata, karo na farko tun waccan shekara, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kai ɓarawon kaza, shiga ka wanke ubanka. Mu biyu kaɗai munka ji, kuma ba mu ji komi ba. Wa zai sani?"

Wallahi na so in shiga. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so shiga ɗakin nan ba. Ina hango ƙafafunsa daga inda nake, ƙafafun da na yi wata da watanni ina shafa wa mai. Na tambayi Sule yaushe ya faɗa, ya ce ranar Juma'ar da ta wuce, lokacin da na je Gusau sayen magani.

"Da hankalinsa?"

Sule ya fashe da kuka. "Da hankalinshi, Yaya. Sai da ya maimaita."

Na warware hannun rigata. Na ce wa Halilu ya shiga a madadina, ya bi a hankali da kafaɗar hagu don ta sandare, kada ya ja ta da ƙarfi. Suka shiga suka saki labule. Ni kuma na zauna a kan turmi a tsakar gida, ina jin ƙarar ruwa yana zuba har suka gama.